Faifan Papa Mai Rufaffen Suna

Ku da kuka dame ni da saƙo, "Mosima ina labari? Mosima an sa rana?", ku matso ku zauna. Yau zan ba ku amsa, kuma duk wadda ta yi dariya ina ganinta.

Don sababbin zuwa: sunana Mosima, ina aiki a wani kantin magani a Silverton, shekarata talatin ba ɗaya, kuma har yau a gidan mahaifina nake a Mamelodi. Tun rasuwar Mama, mu 'ya'ya biyu Papa yake riƙo. Akwai ni, akwai faya-fayansa na jazz. Kada ku tambaye ni wace ce 'yar lele. Su ne a babban ɗaki, wanda rana ba ta shiga, a tsaye reras cikin kantocin katako, kowanne da rigarsa ta leda a kan kwalinsa. Ni kuwa ina ɗan ɗakin da ke jikin kicin, ni da tsintsiya da teburin guga.

Ranar da aka yi ƙanƙarar nan da ta farfasa wa mutane gilashin mota, kwanonmu ya huje wuri biyu, ɗaya saitin gadona, ɗaya saitin kantar Papa. Tamfol ɗaya gare mu. Papa, wanda in zai ɗaura igiyar takalmi sai ya kira sunan Allah saboda ciwon gwiwa, ya haye tsani cak ba ko nishi. Da ya sauko sai ya miƙo min bokiti.

"Papa, gadona fa?"

"Katifa tana bushewa, 'yata."

Washegari ya tarar ruwa ya taɓa kwalaye 'yan kaɗan a layin sama. Bai ci abinci ba ranar. Ya shimfiɗa su a kan teburin falo yana fifita su da jarida, idonsa jajir. Na so in yi tsiya, amma na kasa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina irin na ranar ba, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai.

A nan Lesiba ya shigo labarin. Lesiba saurayina ne, dogo, mai tabarau, irin mazan da ke goge wandon jins har ya yi kari. Aikinsa kula da kwamfutocin wani kamfani. Mun kusa shekara biyu tare, amma iyakarsa bakin ƙofar gida, don Papa ya ce mutumin da ke cusa waya a kunne ya ji kiɗa shi kaɗai, ba a ba shi amanar ko akuya. Ku kuwa kun san yadda abin yake a wajenmu. Kawunnan saurayi ba sa tako ƙafa su zo neman aure sai uban yarinya ya ce su zo, Papa kuma ya ƙi cewa komai.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce ƙanwar Papa, wadda nake kira Rakgadi, wato Goggo a yarenmu. Kullum da safe kafin in wanke fuska saƙonta ya shigo: ayar Littafi Mai Tsarki a sama, hoton kek ɗin biki a ƙasa.

"Mosima, hular bikinki na saye ta tun bara. Har ta fara fita yayi."

"Rakgadi, ki gaya wa yayanki mana."

"Wannan? Ai in ba zagaye kike da rami a tsakiya ba, ba ya jin maganarki."

To da Lesiba ya ji labarin ruwan, sai ga shi a ƙofa da yamma, hularsa a hannu. Ina laɓe bayan labule, ina ji ya kira Papa da Ntate, wato Baba a yarenmu.

"Ntate, na ji abin da ya faru. Allah ya kiyaye gaba."

"Amin. Sai me?"

"Akwai hanyar da ko gidan nan ya ƙone, Allah ya kiyaye, kiɗan ba zai ɓata ba. A ɗauki sautin kowane faifai a zuba a kwamfuta. A yi kwafi uku. Ɗaya a nan, ɗaya a wajena, ɗaya a wani wuri daban. Abin da yake wuri ɗaya, Ntate, a aikinmu kamar babu shi ne."

Papa ya daɗe yana kallonsa tun daga takalmi har tabarau.

"Faifai ba ya fita gidan nan."

"Ba zai fita ba."

"Ba a taɓa shi sai ta gefe. Ka wanke hannu, kada ka shafa mai. In allura ta sauka, ba tari, ba atishawa."

"Na ji, Ntate."

"Asabar. Ka zo da safa mai tsabta."

Jama'a, na yi tsalle a bayan labulen nan har na bugi teburin guga. Shekara biyu ina addu'a, ashe ƙanƙara ce za ta buɗe masa ƙofa.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, faifai ba a kwafarsa da sauri. Sai an sa shi ya yi ta juyawa tun daga farko har ƙarshe, a juya bayansa, a sake zama. Na ce to, madalla, ga saurayina a gidanmu wuni guda duk Asabar. Asabar ta farko na tashi da wuri na yi gyaran gashi, na sa rigata ruwan ƙwai mai buɗaɗɗiyar kafaɗa, na fesa turaren da nake ɓoyo don biki. Na tuƙa tuwon masara, na dafa kayan ciki har suka yi luguf, na yi yajin wake da karas. Na ɗauko tire na tura ƙofar babban ɗaki da ƙafa.

Su biyu suka ɗago hannu a tare.

"Shhh!"

Papa ya toshe hanci ya nuna min waje, wai turare yana kama kwali.

Na koma kicin na tura wa Lesiba saƙo. "Ka ga rigar kuwa?"

Sai da tuwon ya huce amsa ta zo. "Na gani masoyiya, kin yi kyau. Bari mai ganga ya gama."

Mai gangar nan, ina gaya muku, bai gama ba har yau.

Ni dai in faɗa muku gaskiya, jazz bai taɓa shiga kaina ba. A ciki aka haife ni, a ciki na yi rarrafe, amma har gobe ji nake kamar mutum biyar ne kowa ya fito da nasa uzurin, ba mai sauraron wani. Na ɗauka Lesiba irina ne. Da farko ai don ni yake daurewa, yana zaune da kwamfuta a cinya yana haɗiye hamma. Wata bai cika ba na leƙa na ga ya rufe ido yana kaɗa kai. Wata na biyu ya daina goge jins, ya sayo wando mai faɗin ƙafa da hula mai baki. Wata na uku muna cikin tasi za mu kasuwa, na ce, "Me kake tunani?" ina jiran ya ce ni.

"Mosima, kin san mai piyanon nan da hagu yake fara magana?"

Na ce ban sani ba, kuma ban tambaya ba.

Rakgadi kuwa murna take. "Bar su, 'yar nan. Namiji da surukinsa suna ɗaki ɗaya ba a ji ihu ba, me kike nema kuma?"

Yanzu sai in gaya muku zancen faifan nan guda ɗaya. Papa ɗan ƙungiyar Lahadi ne. Dattawa ne, kowa ana ce masa Bra wane, wato Yaya wane, suna zagayawa gida-gida bayan an taso coci. A kafa rumfa a tsakar gida, a fito da manyan lasifika, kowa ya zo da jakar faya-fayansa da takalmi mai launi biyu da ya sha goga. A bakin ƙofa akwai kwanon sha, kowa ya jefa wayarsa ciki. In mai busa yana busawa ba a magana. In kiɗa ya kama mutum sai ya fito fili shi kaɗai ya taka, sauran su ba shi wuri. Kuma kowane dattijo da ya isa yana da faifai ɗaya da ba ya faɗin sunansa. Darajarka a rumfar nan ita ce abin da kake da shi wanda ba mai shi.

Na Papa shi ne ake rufe taro da shi. Kwalinsa fari fat ba rubutu, tsakiyarsa ya manne da takardar buhun siminti. In ya ɗora shi, ba ya matsawa ko taku ɗaya. Yana tsaye a kan garmahon, ya kare shi da hularsa, yana harare-harare. Tun kafin a haife ni ake wannan. Kuma tun lokacin Bra Masilo yake canka.

Bra Masilo aminin Papa ne. Tare suka yi aiki a masana'antar mota, shi ya riƙe Papa a bakin kabarin Mama. Shi ne kuma duk Lahadi, in kiɗan ya ƙare, zai ɗaga murya ya kira Papa da sunansa:

"Maredi, na gano shi! Wane ne, a shekara kaza!"

Papa ya mayar da faifan cikin kwalinsa a hankali. "Masilo, je ka wanke kunnenka."

Wannan faifan ne ya rage na ƙarshe. Ranar da Papa ya ɗauko shi daga ƙarƙashin gadonsa ya miƙa wa Lesiba da hannu biyu, ina tsaye a ƙofa ba turare. Da aka gama, Papa ya yi gyaran murya.

"Lahadin nan a gidan Masilo za a yi. Ka sa kwat. Zan nuna ka ga mutane."

Rakgadi na kicin tana kasa kunne. Ta rangaɗa guɗa har karen maƙwabta ya amsa. Duk wanda ya san Papa ya san ma'anar maganar nan. In ya tsaya gaban ƙungiya ya ce "ga ɗana", to kawunnai su fara goge takalmi.

Ranar Laraba ina wurin aiki saƙon Lesiba ya shigo. "Masoyiya, wa Ntate ya fi yarda da shi a duniya?"

Na ɗauka shawarar aure zai nema. Har da murmushina na rubuta, "Bra Masilo. Ba shi da kamarsa."

"Na gode. Kin gama min komai."

Na tura masa hoton zuciya har guda uku. Ni Mosima, da hannuna.

Lahadi ta zo. Papa ya sa kwat ɗinsa ruwan toka, da hankici ja a aljihun ƙirji, da takalmi fari da ruwan ƙasa. Lesiba ya zo cikin baƙar kwat, hula a karkace, har tafiyar Papa ya ara. Ni na sa doguwar riga shuɗiya da ɗankwali, irin shigar yarinyar da ake so a ce ta san mutunci. Rakgadi kuwa, hular bikin ta ɗora, wai don ta sha iska.

Gidan Bra Masilo ya cika. Nama na gasuwa a gefe, mata na zuba tuwo, dattawa na jere a kujeru kowa da kofinsa. Aka yi ta sa faifai ana takawa. Papa yana zaune da jakarsa a kan cinya, ya ɗora hannu biyu a kai, Lesiba a gefensa. Ina ganin yadda dattawa ke satar kallonsa suna gyaɗa kai. Zuciyata fes.

Da rana ta yi sanyi, lokacin rufe taro ya matso, Papa ya fara zuge jaka. Sai Bra Masilo ya miƙe, gajere mai tumbi, yana murmushi har kunne.

"Maredi, zauna ka huta. Yau kai baƙona ne. Gwiwar nan taka ta gaji da tsayuwa."

Ya zaro wani ɗan abu daga aljihun falmaransa, bai kai ɗan yatsa ba, ya soka a jikin na'urar jikansa. Ya danna.

Busar farko kawai aka ji, rumfar ta yi tsit. Wani dattijo ya tsaya da tsokar nama a bakinsa. Kiɗan Papa ne. Har ɗan ƙaras-ƙaras ɗin da yake yi kafin ganga ta shigo, ga shi nan. Faifan kuwa yana cikin jaka a kan cinyar mai shi.

Bra Masilo ya gyara tabarau, ya duƙa kan ɗan allon na'urar, ya karanto sunan mai busa, da sunan mai ganga, da garin da aka ɗauka, da shekara. A hankali ya karanta, yana tauna kowane suna. Ba zan faɗa muku sunan ba. Duk Mamelodi ta ji, amma ni 'yar gidan ce.

Na juya na kalli Lesiba. Jama'a, murmushi yake! Ya sunkuyo wajen Papa yana raɗa, irin raɗar da kowa ke ji.

"Kwafi na uku ke nan, Ntate. A hannun amininka. Sunan ma na samo maka, ashe akwai 'yan lambobi da aka zana a jikin faifan kusa da tsakiya, takardar ba ta rufe su ba. Ina bincikawa sai ga komai ya fito. Na ce kada wata rana a manta."

Rakgadi ta cire hular bikin ta ɗora a cinya.

Na ce shi ke nan, Mosima, ke da tsintsiya da teburin guga har tsufa. Na ji haushin Lesiba, na ji haushin Bra Masilo, amma abin da ya fi ci na shi ne fuskar Papa. Bai yi fushi ba. Kawai ya tsufa ne a gabana. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Kiɗan ya ci gaba, don ba a katse faifai a rumfar nan ko da gobara. Mai busa ya ja dogon numfashi ya shiga. Sai na ga ƙafar Papa ta dama tana motsi. Ya kalle ta kamar ba tasa ba. Ya miƙa min jakar, ni da ban taɓa riƙe ta ba. Ya tashi, ya gyara kwat, ya zaro jan hankicin, ya fita fili.

Ban taɓa ganin mahaifina ya taka wannan kiɗan ba. Ba wanda ya taɓa gani, tunda kullum yana tsaye gadi. Ya zame a kan tsinin takalmi, ya tsaya cak inda ganga ta tsaya, ya saki hankicin ya cafe shi kafin ya kai ƙasa. Ya san kowace kwana ta kiɗan kafin ta iso. Gwiwar da ake jiƙa wa tawul da ruwan zafi, ita ce ta durƙusa har ƙasa ta taso. Dattawa suka miƙe tsaye. Bra Masilo da kansa yana share ido yana cewa, "Kai, Maredi! Kai, ɗan banza!" Ni ma kuka nake, kwalliyata duk ta zubo.

Da aka gama ya dawo yana haki, ya karɓi jakarsa, ya ce mu tafi. Bai ce "ga ɗana" ba.

Muka shiga motar Lesiba. Sai a lokacin Lesiba ya fara gane cewa akwai matsala, don na ga yana ta gyara madubi ba dalili. Da muka isa gida Papa ya zauna a falo, ya cire takalmi da nishi, na kawo masa ruwan zafi da tawul. Lesiba ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ntate, ban sani ba. Na rantse ban..."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka kai gida da haƙoranka ba." Papa ya ɗora tawul a gwiwa. "Tun kana cikin zanen goyo nake gadin faifan nan. Yau ka mayar da ni kowa. Ya yi min ciwo, yaro, ba zan ɓoye maka ba." Ya gyara tawul ɗin. "Amma yau na fara jin sa a ƙafata. Wannan ma ba zan ɓoye ba."

Rakgadi ta fara lallaɓa hular za ta mayar kai.

"Ka gaya wa kawunnanka su zo."

Rakgadi ta buɗe baki za ta yi guɗa, Papa ya ɗaga yatsa.

"Ranar da ka gama da na Masilo."

"Ntate?"

"Kwanon gidansa ya fi nawa tsufa. Gobe ka je ka gaya masa abin da ka gaya min, cewa abin da yake wuri ɗaya kamar babu shi ne. Yau ya ga amfanin aikinka, kuma girman kai ba zai bar shi ya ƙi ba. Ka kwafe masa komai, har wanda yake ɓoyewa a cikin akwatin matarsa. Ka duba masa 'yan lambobin nan da kyau, kada wata rana a manta. Kwafi na uku kuma ka san inda za ka kai. Ai ba shi da amini kamata."

Na ce, "Papa! Nasa fa sun ninka naka!"

"Ai kuwa. Mutum ne mai haɗama."

Rakgadi ta ce, "Yaya, yarinyar nan shekararta talatin ba ɗaya!"

"To ta kusa cikawa ke nan."

Na juya wajen Lesiba. A nan ne, 'yan uwa, nake so ku tsaya da kyau. Jira nake in ga mutumin da aka yanke wa hukunci. Jira nake ya ce, Ntate, a yi min rai, ba zan iya ƙara wata da watanni babu Mosima ba. Ya sunkuyar da kai ƙasa kamar mai ladabi, amma ina ganin gefen bakinsa yana motsi. Kunnuwansa har sheƙi suke.

Ya yi sallama ya fita. Motarsa ba ta kai kwanar layinmu ba saƙo ya shigo.

"Kada ki damu masoyiya. Zan yi sauri saboda ke."

Na ɗan ji sanyi. Na fara rubuta amsa, sai ga wani.

"Don Allah ki tambayar min Ntate, da gaske ne Bra Masilo yana da wani ɗakin a bayan gida?"

Na karanta wa Papa da ƙarfi, don ya ji irin surukin da ya ƙera da hannunsa. Ko ɗago kai bai yi ba, yana matse tawul.

"Biyu ne," ya ce. "Ki ce masa ya riƙa tafiya da abincinsa."

Rakgadi ta tashi, ta ninke hular bikin cikin jarida, ta tura ta can saman kwabata inda nake ajiye bargon sanyi.